Daga garke zuwa mayanka: yadda ake horar da malaman dabbobi

Da an idar da sallar asuba aiki ke farawa a wata kwaleji ta koyon kiwon lafiyar dabbobi. Ɗalibai su zura rigar aiki da dogon takalmin roba, su nufi garke. Wasu su kwashe kashin shanu, wasu su jiƙa dusa, wasu su cika kwamin ruwa. Wanda ya zo da zaton sirinji za a danƙa masa ranar farko, shebur yake samu. Ba don wahalarwa ake yin haka ba. Mai shara shi ke fara ganin saniyar da ta ware kanta, ko wadda ta daina tuƙa, ko maraƙin da ke zawo, kuma wannan idon shi ne jarin sana'ar, tunda dabba ba ta faɗin inda ke mata ciwo.

Da hantsi sai darasin kamu. A nan ake koyon kayar da bijimi da igiya ba tare da an karya shi ko ya karya mutum ba, da dalilin da ya sa ba a barinsa kwance ya daɗe, don cikinsa zai kumbura. Ana buɗe baki a gane shekaru ta haƙori. Ana auna zafin jiki: lafiyayyar saniya tsakanin digiri 38 da 39 take, kaza kuwa wajen 41, wanda a jikin mutum zazzaɓi ne mai tada hankali. Sai awon ƙirji da tef don kintata nauyi, abin da ɗalibai kan raina da farko, alhali a kansa ake lissafin kowace allura.

A aji ana bin cututtuka ɗaya bayan ɗaya: sammore da ƙudan tsando ke yaɗawa, ciwon huhu, kirci, harbin daji, tsutsar hanta da dabba ke kwasowa a fadama. Malamai na son ba da labarin bushiya, annobar da ta sha share garkunan Afirka, har aka yi shelar kawar da ita daga duniya a 2011. Sukan tuna wa ɗalibai cewa irinsu ne suka bi ruga ruga da allura kafin a kai ga haka, kuma yanzu an sa 2030 a matsayin shekarar gamawa da 'yar'uwarta mai kashe awaki da tumaki. Cibiyar binciken da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa rigakafi, amma kwalbar da ta fita daga sanyin digiri 2 zuwa 8 ta sha rana a bayan babur ta tashi daga aiki. Shi ya sa ake yi wa ɗalibi faɗa sosai kan kular ƙanƙara.

Ranar zuwa mayanka ce ke girgiza sababbi. Suna ganin huhun da tarin fuka ya ci, da tumbin da leda ta cunkushe har dabbar ta rame tana tsaye a gaban abinci. A can suke gane cewa lafiyar mai cin tsire ma tana wuyansu.

Abin da ya fi burge ni a makarantar shi ne yadda ake koya wa ɗalibi sanin iyakarsa. Ranar kasuwa a kara, ga magunguna nan an baje a rana, makiyayi ya sayi kwalba ɗaya ya raba wa shanu goma, gobe a tatsi nonon a kai gari ba a jira maganin ya fita daga jiki ba. Ɗalibi zai koyi yi wa Arɗo bayanin illar wannan cikin ladabi, domin dattijon ya fi shi sanin shanunsa, abin da ya rasa shi ne awo. Zai kuma koyi cewa tiyata da yanke hukunci kan annoba aikin likita ne, wanda ya shafe shekara 6 a jami'a. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya jini na fita ta hanci ba a feɗe ta, rahoto ake kaiwa, kamar yadda ɓullar ciwon saifa a Suleja a 2023 ta tunatar da kowa.

Mata ba su kai maza yawa a ajin ba, kuma wannan asara ce. Akasarin awaki da kajin karkara na matan aure ne, suna ɗaure a cikin gidajen da baƙon namiji ba ya shiga. Akuyar nan ita ce kuɗin magani da kayan ɗakin 'ya, kuma ɗalibar da ta iya rigakafi ce kaɗai za ta yi sallama ta wuce har turke.

Bayan an karɓi takardar shaida, wasu kan samu gurbi a asibitin dabbobi na jiha, wasu a gonakin kaji, da yawa kuma su buɗe ɗan shagon magani a kusa da kara. Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo a 2024. Da za a tambaye ni inda za ta fara, sai in ce ta ɗauki waɗannan yara aiki, ta ba kowannensu babur da firij mai aiki da hasken rana.