Nana Asma'u: Marubuciyar da ta rungumi waɗanda yaƙi ya bari

A watan Oktoban 2016 an kashe sojojin Nijar 22 a Tazalit da ke jihar Tawa. Shekara bakwai bayan haka, wasu 29 suka kwanta dama a Tabatol. Akan yi makoki na 'yan kwanaki, daga nan sai a bar matan mamatan da marayunsu su ji da kansu.

Wannan yanki ya daɗe da sanin raɗaɗin yaƙi. Ƙasar Gobir da Adar, inda Madawa, Urno, Buza da Keita suke a yau, ta sha ganin rundunoni a ƙarni na 19. A cikin wannan zamani ne aka yi wata marubuciya da ta mayar da hankali ga mayaƙa da iyalansu, wato Nana Asma'u, 'yar Shehu Usman Ɗan Fodiyo, wanda shi kansa aka haifa a Maratta kusa da Galmi.

An haife ta a 1793. Ba ta wuce shekara 11 ba lokacin da jama'ar Shehu suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804. A ƙarshen shekarar aka gwabza a Tsuntsuwa, inda jama'ar suka rasa mutum kusan 2,000, ciki har da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. Yunwa da cuta suka biyo baya. Da wannan ta girma.

Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato, saboda haka labarin fagen daga yakan iso gidanta da ɗuminsa. Ta bar rubuce-rubuce kusan 60 da Larabci, Fulatanci da Hausa. Akwai waƙarta kan yaƙin Gawakuke na 1836, inda yayanta Muhammadu Bello ya ci galabar Gobirawa, Katsinawa da Abzinawa.

Ba a kan sarakunan yaƙi kaɗai alƙalaminta ya tsaya ba. A marsiyyar da ta yi wa 'yar'uwarta Fadima, ta yaba mata kan tanadin guzuri idan runduna za ta fita. Aiki ne da marubuta tarihi suka saba tsallakewa, ita kuwa ta rubuta shi domin kada a manta da matan da suka ciyar da mayaƙa. A 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwan, littafi kan neman waraka da ayoyin Alƙur'ani, ga al'ummar da ke fama da raunuka, zazzaɓi da fargaba.

Babban aikinta shi ne 'Yan Taru. Yaƙe-yaƙen sun bar ɗimbin zawarawa, ga kuma matan da aka kamo daga ɓangaren da aka ci da yaƙi, da yawansu Gobirawa. Asma'u ta zaɓi dattijai mata, ta naɗa su jajis, ta ba kowacce malfa da jan rawani. Su ke ratsa ƙauyuka suna koyar da waƙoƙinta, su kuma jagoranci mata zuwa wurinta. Hatsi, zuma da man shanun da suke kawowa ana raba su ga marasa lafiya da mabuƙata. Abin lura shi ne karatun ya haɗa matan waɗanda suka yi nasara da na waɗanda suka sha kaye.

Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbaren Shehu da ke Sakkwato. A 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara ayyukanta a littafi guda, kuma har gobe akwai 'Yan Taru a ƙasar Sakkwato, har ma da Amurka.

Yau samarin Madawa da Keita na bakin daga a Tillaberi, Diffa da arewacin Tawa. Tambayar da Asma'u ta amsa a zamaninta na nan daram: idan soja bai dawo ba, wa zai leƙa gidansa bayan sadakar arba'in?