Hulk ko Baƙar Damisa? Gardamar Samarin Birnin Kudu da Gwaram

Shirin musamman na wannan mako ya yada zango a kudancin Jihar Jigawa, tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, inda wata gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a bakin samari.

Duk wanda ya tsaya da yamma a rumfar mai cajin waya a Birnin Kudu, ko ya ratsa kasuwar Sara a ƙasar Gwaram, zai ga yara sun yi dafifi a kan mai kwamfuta, kowa na miƙa waya ko ɗan memori a tura masa fim. Na Indiya fassarar Algaita suna da kasuwarsu, haka na Kannywood masu dogon zango. Amma waɗanda ke tayar da jijiyar wuya su ne na jaruman Marvel. Wa ya fi ƙarfi? In an sa zare, wa zai kai wani ƙasa? Kowane yaro da jerinsa a ka, daga na ɗaya zuwa na biyar, kuma ba ya yarda a taɓa masa.

Hulk ba ya rasa magoya baya. Hujjarsu guda ce, kuma mai nauyi: ƙaton nan kore, gwargwadon fushinsa gwargwadon ƙarfinsa, don haka mai dukansa ƙara masa kuzari yake yi. 'Yan bayan Thor sai su kawo zancen guduma, wadda ba ta ɗaguwa sai a hannun wanda ya cancanta. Nan take 'yan Kyaftin Amurka za su tuna musu cewa a fim ɗin Avengers: Endgame na 2019 gwaninsu ya ɗaga ta, har ya yi duka da ita. Masu adawa da Hulk kuma ba sa mantawa da jibgar da Thanos ya yi masa a farkon Infinity War na 2018, wadda ta sa ya ƙi sake fitowa fili har fim ya ƙare. Shi kuwa damben Thor da Hulk a fim ɗin Ragnarok na 2017, har gobe ba a daidaita a kansa ba, domin Thor na shirin yin kisa mai filin ya yi maguɗi ya sa masa lantarki.

Ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Iyaye da kakanni sun ƙarar da dare suna musu a kan 'yan dambe Shago da Ɗandunawa. Fage ne kawai ya tashi daga fili ya koma fuskar waya.

To amma ga abin da ba kasafai yake shigowa cikin gardamar ba. Hulk, da Thor, da Kyaftin Amurka, da Black Panther wato Baƙar Damisa, duk hannu ɗaya ne ya zana labaransu na farko a takarda. Sunan mai hannun Jack Kirby.

An haife shi ranar 28 ga Agusta, 1917, a wata unguwar talakawa ta birnin Niyok. Sunansa na yanka Jacob Kurtzberg, ɗan Yahudawa baƙin haure daga Ostiriya, mahaifinsa ma'aikacin masana'antar ɗinki. Unguwa ce ta gidajen haya masu cunkoso, inda yaran wannan layi ke faɗa da na wancan, kuma shi ma ya sha ba da kashi ya sha karɓa. Mafi yawan zanensa shi ya koya wa kansa, yana kwaikwayon abin da yake gani a jaridu. Masu nazarin aikinsa sukan ce faɗan layin nan ne ya bi shi har kan takarda: in jaruminsa ya kai naushi, sai mai karatu ya ga kamar hannun zai fasa shafin ya fito.

A ƙarshen 1940, shi da abokin aikinsa Joe Simon suka fito da Kyaftin Amurka. A bangon bugun farko an zana jarumin yana narka wa Hitila naushi a muƙamuƙi, alhali saura shekara guda Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu. An sayar da kusan kwafi miliyan guda, magoya bayan 'yan Nazi kuma suka riƙa aiko musu da barazana. A 1943 aka ɗauki Kirby soja. Da aka kai shi fagen daga a Faransa, sai aka ga ya iya zane, aka riƙa tura shi gaba ya leƙo sansanin abokan gaba ya zano taswira. Sanyin ƙanƙara ya kama ƙafafunsa har likitoci suka yi tunanin yanke su, Allah ya taƙaita.

Shekarun da suka kafa sunansa kuwa su ne na 1960, a kamfanin Marvel, tare da edita Stan Lee. Fantastic Four ta fito a 1961. Hulk da Thor a 1962. Avengers da X-Men a 1963. Wani abin dariya, Hulk ɗin da ake yi wa kirari da kore, ruwan toka ne a bugun farko. Injin ɗab'i ne ya kasa riƙe launin, wani shafi ya yi duhu wani ya yi haske, sai aka mayar da shi kore daga bugu na biyu. Kuma kasuwa ba ta karɓe shi ba da farko: bugu shida aka yi aka dakatar da mujallar.

A nan ne masu sauraro za su ce, to don me aka san Stan Lee ba a san Kirby ba? Ai shi Lee ko yaran rumfar caji sun san fuskarsa, tsohon nan mai furfura da tabarau da ke ɗan giftawa a kusan kowane fim na Marvel kafin rasuwarsa a 2018.

Amsar tana cikin yadda ake aikin. Lee kan ba da gundarin labari a taƙaice, wani lokaci da baki kawai. Kirby ya tafi gida ya zauna da fensir, ya tsara labarin shafi bayan shafi, ya zana komai, har ya rubuta bayani a gefen takarda. In ya kawo, Lee ya sa maganganun da ke fitowa daga bakin jarumai. Da Kirby ya kawo shafukan labarin Galactus, dodon da ke cinye duniyoyi, sai Lee ya tarar da wani mutum mai jikin azurfa yana shawagi a sararin sama kan allo, wanda ba su taɓa zancensa ba. Shi ne Silver Surfer, kuma Lee da kansa ya amsa cewa ƙirƙirar Kirby ce. Duk da haka kuɗin shafi ake biyan Kirby, kamar ɗan ƙodago a gonar wani. In an girbe, amfanin na mai gona ne. Ransa ya ɓaci, a 1970 ya koma kamfanin DC, inda ya ƙirƙiro Darkseid, mugun da masu jera mugaye ke gwadawa da Thanos. Shi Thanos ba na Kirby ba ne, na wani mai zane ne Jim Starlin. Haka ma Spider-Man, wanda ƙananan yara ke so a jikin jakar makaranta, Steve Ditko ne ya tsara kamanninsa.

Baƙar Damisa na da matsayi na daban a wannan yanki, kuma da dalili. Ya fara bayyana a Fantastic Four mai lamba 52, a Yulin 1966, sarkin wata ƙasar Afirka mai suna Wakanda wadda Turawa ba su taɓa ci ba, kuma ta fi su ilimin ƙere-ƙere. Shi ne baƙin jarumi na farko irin wannan a manyan mujallun zane na Amurka, kuma ya riga jam'iyyar baƙaƙen fata mai irin sunansa, wadda aka kafa a Oktoban shekarar. Da fim ɗinsa ya fito a 2018, Chadwick Boseman na jan ragama, sai ga sunan Dajin Sambisa a rubuce a kan allo tun a farkon fim, inda jarumin ya tare ayarin 'yan bindiga ya kuɓutar da matan da suka sace. Ga ɗan Arewa, wannan ba almara ba ce, labari ne da ya sha ji a rediyo. Ga kuma wata ƙabilar Wakanda da aka ɗinka wa tufafi irin na Buzaye, da rawani da kayan azurfa.

Tsaran waɗanda suka yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu a shekarun 1970 sun tashi da nasu jaruman takarda. Akwai Lance Spearman na mujallar African Film, ɗan binciken nan mai kwat da malafa, wanda labarinsa da hotunan kyamara ake shirya shi. Daga 1975 kuma aka samu Powerman, jarumin da aka yi musamman don kasuwar Najeriya, ko da yake Turawan Ingila biyu ne ke zana shi, Dave Gibbons da Brian Bolland. Lagonsa guda ne, saran maciji, abin da kowane manomi a Gwaram ya san zafinsa. Yau kuma ga Malika ta Roye Okupe, sarauniyar Azzaz, wadda aka gina a kan tarihin Amina ta Zazzau.

Batun zane ba tare da sunan mai shi ba, Birnin Kudu ba baƙuwarsa ba ce. A jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude akwai zanen shanu da mutanen da can suka bari, da jan launi da baƙi da fari. Wasu shanun dogayen ƙaho ne ba tozo, wasu gajerun ƙaho, wasu kuma da tozo irin na Fulani na yau. Kusa da su ga duwatsun kiɗa, waɗanda in an ƙwanƙwasa su da ɗan dutse suke amo kamar ƙarfe. Masanin tarihi Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950, yanzu kuma suna ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Mai ziyara zai tsaya ya yaba lanƙwasar ƙaho da tsayuwar ƙafa, ya gane cewa gwani ne ya yi, amma babu wanda zai iya faɗa masa sunan gwanin.

In da za a ba wannan shiri damar jefa tasa ƙuri'ar, to ba Hulk zai zaɓa ba, ba kuma Thor ba. Zai zaɓi Ben Grimm na Fantastic Four, wanda ake kira The Thing, mutumin da jikinsa ya rikiɗe ya koma curin duwatsu ruwan goro. A ƙarfi Hulk ya fi shi, kuma sun kara ba sau ɗaya ba. Amma shi ne wanda ake kayarwa ya miƙe, ga baƙar magana, ga saurin fushi, ga taushin zuciya, kuma ɗan unguwar talakawa ne irin ta Kirby. Kirby da bakinsa ya ce in an dubi Ben Grimm shi aka gani. Ya kamata a ce garin da duwatsu suka kewaye ya fi kowa sanin darajar mutumin dutse, amma da wuya a ji sunansa a jerin biyar na farko a rumfar caji.

Kirby ya sha fama kafin Marvel ta mayar masa da wani kaso na ainihin shafukan da ya zana, a 1987, kuma kaɗan ne daga dubban da ya yi musu. Ya rasu ranar 6 ga Fabrairu, 1994, a Kalifoniya, bai ga ko ɗaya daga manyan finafinan nan ba. A 2009 kamfanin Disney ya sayi Marvel a kan dala biliyan 4. 'Ya'yan Kirby suka nemi haƙƙin mallaka, shari'a ta yi ta ja har ta kai ƙofar Kotun Ƙoli ta Amurka, sai a Satumban 2014 aka yi sulhu a waje, ba a bayyana adadin kuɗin ba. A fim ɗin Fantastic Four na 2025, duniyar da labarin ke gudana an ba ta lamba 828, wato wata na 8 rana ta 28, ranar haihuwarsa.

Sunan nasa yana nan a ƙarshen fim ɗin Baƙar Damisa, kusa da na Stan Lee. Sai dai yaran sun daɗe da gano cewa Marvel na ɓoye ɗan guntun labari a bayan rubutun ƙarshe. Da zarar sunaye sun fara fitowa, mai riƙe da wayar zai sa babban yatsa ya ja fim ɗin gaba, sauran sun sunkuyo ta kafaɗarsa, wani na cewa ya yi sauri kafin caji ya ƙare.