Ajiye Aiki da Sauran Ƙarfi: Lissafin Ma'aikaci a Ƙasar Karfi da Malumfashi

Da wuya a sami ma'aikacin gwamnati ɗan kudancin Katsina wanda wannan tunani bai taɓa zo masa ba, watau ya tara abin da zai riƙe shi, ya miƙa makullin ofis tun yana da sauran ƙarfi, ya koma gida ya kama gona. Duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi da kaka, ya iso Karfi ya tarar an baje masara tana shan rana, ga dawa ta nuna, ga motoci ana ta lodi, ba zai yi mamakin wannan tunani ba. Abin tambaya shi ne, mene ne "abin da zai riƙe shi", kuma da wane mudu za a auna shi?

Kafin a shiga lissafi ya kamata a dubi kalmomin kansu, gama suna ɗauke da tarihi. Kalmar "murabus" ta sarauta ce: hakimi ko dagaci ya sauka don kansa, galibi ya bar wa ɗansa rawani. Manomi da ɗan kasuwa ba su yin murabus, sai dai a ce wane ya tsufa, yara sun karɓe shi. "Ritaya" kuwa baƙuwa ce, tare da aikin albashi ta shigo, kuma Hausa ta raba ta gida biyu: akwai "ya yi ritaya", akwai "an yi masa ritaya". Ta biyun ta yi kaurin suna a 1975, sa'ad da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata fiye da 10,000 cikin 'yan watanni. Tun daga ran nan ma'aikaci ya gane kujerar ofis aro ce. Da yawa daga cikin masu neman abin yi a gefe ba hutu suke nema ba, tsoron ranar da za a ce su tashi ne.

A Amurka an mayar da wannan buri wata hanya mai ƙa'idoji, wadda mabiyanta ke kira neman 'yancin kai ta fuskar kuɗi da barin aiki da wuri. Littafin da Vicki Robin da Joe Dominguez suka fitar a 1992 shi ya yaɗa ta. Shi Dominguez ya bar aiki yana ɗan shekara 31. A 1994 wani mai ba da shawara kan dukiya, William Bengen, ya bi tarihin kasuwar hannun jari ta Amurka tun daga 1926, ya nuna cewa wanda ya ciri kashi 4 cikin 100 na dukiyarsa a shekarar farko, sa'an nan ya riƙa ƙarawa gwargwadon tashin farashi, dukiyar za ta kai shi shekara 30. Malamai uku na Jami'ar Trinity ta Teksas sun sami kusan haka a 1998. Daga nan aka sami ƙa'ida mai sauƙin haddacewa: mutum ya lissafa abin da yake kashewa a shekara, ya ninka sau 25, ran da ya tara wannan adadi, ya 'yantu.

To, a gwada ƙa'idar nan da naira. A 1981 aka yanke mafi ƙarancin albashi naira 125 a wata, watau naira 1,500 a shekara. In aka ninka sau 25, naira 37,500 ke nan. Masinjan da ya tara wannan kuɗi a 1981, bisa ga lissafin Amurka, ya gama da aiki har abada. A 2024 kuwa mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000 a wata. Ashe dukiyar da aka ce za ta riƙe shi shekara 30 ba ta kai albashin masinja na kwana ashirin ba. Gaskiya ne da ya ajiye ta a banki da ta haihu, amma ba haihuwar da za ta kamo farashin da ya tashi da fiye da kashi 70 cikin 100 a shekarar 1995 kaɗai, ya kuma kai kashi 34.8 a Disamban 2024. A 1980 dalar Amurka ba ta wuce kwabo 55 ba. A 2024 ta haura naira 1,500. Ƙa'idar ba ƙarya ba ce, amma an gina ta ne a kan kuɗin da ke riƙe darajarsa.

Akwai kuma abu biyu da mai lissafin Amurka bai sa a takardarsa ba. Na farko zakka. Musulmin da ya tara kuɗi ya kai nisabi, shekara ta zagayo, ɗaya cikin arba'in ba nasa ba ne, watau kashi biyu da rabi cikin 100. In an haɗa da kashi 4 na ci, dukiyar na bukatar ta riƙa haihuwar kashi shida da rabi bayan an cire tashin farashi, kuma ta hanyar da ba riba a ciki. Hanyoyin halas sun ƙaru, tun da bankin Jaiz ya buɗe a 2012, Gwamnatin Tarayya kuma ta fara sayar da sukuk a 2017, amma su ma da naira ake auna su. Na biyu shi ne gida. Ba'amurke yana lissafin kansa da matarsa, wataƙila da ɗa ɗaya ko biyu. Ma'aikacin Karfi yana da uwa, da ƙanne a makaranta, da marayun wansa, da 'ya'ya mata waɗanda kowacce za a yi mata kayan ɗaki. Ba shi da ikon ya ce kashe-kashensa na shekara kaza ne, domin rabinsu ba shi ke yanke su ba. Abin da Bahaushe ke roƙo ma ba 'yanci daga mutane ba ne. Rufin asiri yake roƙo, watau ya iya ɗaukar nauyin da ke kansa ba tare da ya je ƙofar wani ba.

Doka kuma tana da nata zance. A ƙarƙashin dokar fansho ta 1979, ma'aikaci na cancantar kuɗin sallama, watau garatuti, bayan shekara 10, fansho kuma bayan shekara 15, wanda ya ajiye aiki don kansa kuwa ba a fara biyansa sai ya cika shekara 45. Dokar 2004 ta sauya tsarin ga ma'aikatan tarayya da na kamfanoni, ta mayar da shi asusun tarawa, ta 2014 kuma ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8 na albashinsa, mai ba shi aiki ya zuba kashi 10. Ba a buɗe asusun sai mutum ya kai shekara 50, in ban da kashi 25 da ake ba wanda ya yi wata huɗu ba aiki. Jihohi kowace da tata doka, saboda haka wajibi ne ma'aikacin jiha ya karanta tasa kafin ya rubuta takardar barin aiki. Wanda ya tashi yana ɗan shekara 42 ƙarƙashin tsarin tarayya, shekara takwas zai yi yana ci daga wani wuri. Abin lura, a nan ƙasar ja-in-jar da ma'aikata ke yi ta a ƙara musu shekaru ce, ba a rage ba. Ƙa'idar gama-gari shekara 60 ce da haihuwa ko 35 a bakin aiki, amma an kai farfesoshi 70 a 2012, malaman makaranta kuma 65 a 2022. Mutane ba su roƙon a tsawaita musu abin da suke da halin bari.

Sai dai dokar ta bar ƙofa guda a buɗe. Tsarin mulki na 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko sana'a ta kansa, amma ya keɓe noma. Ga ɗan ƙasar Funtuwa da Malumfashi wannan ba ƙaramar dama ba ce, domin ƙasarsa tun tuni ta saba da noman sayarwa. Kamfanin auduga na Turawa, BCGA, ya kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi, jirgin ƙasa kuma ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Daga 1975 zuwa 1980 aka gudanar da shirin bunƙasa noma na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, wanda ya kawo hanyoyin karkara da takin zamani da ingantaccen iri, ya mayar da masara, wadda da can ake shukawa a bayan gida don gashi, ta zama abin cika sito. A wannan zamani ne manyan ma'aikata da hafsoshi suka juyo gona. Manjo-Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa ya bar soja a 1979 yana ɗan shekara 36, ƙanensa Umaru Musa 'Yar'aduwa kuma ya bar koyarwa a 1983 ya zama manajan gonar Sambo Farms ta Funtuwa har 1989. Ana yawan kawo su misali, amma misalin bai dace da akawu ba, gama sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ban da haka ma, ba wanda ya huta a cikinsu. Dukansu siyasa suka shiga.

Misalin da ya fi amfani yana ƙauye. A tsarin gandu, 'ya'ya maza, har da masu aure, suna noma gonar uba daga safe zuwa azahar, sauran yini su koma gayaunarsu. Uban shi ke ciyarwa, shi ke biyan haraji a zamanin da ake biya, shi ke yi wa kowane ɗa auren fari. Sannu a hankali sai ya daina riƙe fartanya, ya koma zagayen gona da rabon hatsi, alhali bai rasa tuwo ba. Wannan shi ne fanshon Bahaushe na asali, kuma da mutane aka tara shi, ba da kuɗi ba. Wani masanin zaman jama'a, Paul Clough, ya zauna a Marmara kusa da Malumfashi daga 1977 zuwa 1979, ya yi ta komowa har ƙarshen shekarun 1990, littafinsa ya fito a 2014. Abin da ya gani shi ne masu arzikin ƙauye manoma ne kuma 'yan kasuwa a lokaci guda: suna sayen hatsi da kaka su ajiye zuwa bazara, ribar kuwa ba ta kwana a akwati, tana komawa gona, da shanu, da iyali, da yaran gida waɗanda ake ba jari. Ma'aikacin da ya sa 'ya'yansa duka a boko ya yi daidai, amma ya sani ba shi da gandu. Duk aikin da ɗa zai yi wa ubansa, shi da kuɗin ƙwadago zai saye shi.

Saboda haka mudun da ya dace a nan buhu ne, ba naira ba. A ɗauka gida mai mutum 12 yana cin tiya biyu kowace rana. Tiya 730 ke nan a shekara, in kuwa buhu na cin tiya 40, buhu 19 ya wadatar. Wannan shi ne mai sauƙi. A kansa za a ɗora zakkar amfanin gona, ɗaya cikin goma ga noman damina, ɗaya cikin ashirin ga wanda aka yi wa ban ruwa da wahala, da abin da za a aika wa dangi. Sa'an nan a kawo duk abin da sai da kuɗi, taki, da huɗa, da ƙwadago, da cefane, da makaranta, da asibiti, da sutura, a mayar da kowanne buhu, amma da farashin kaka, lokacin da hatsi ya fi araha, ba da na marka ba. Yawancin masu yaudarar kansu a nan suke yi: su lissafa amfanin shekarar da ta fi kyau, su sayar da shi a takarda da farashin watan da ya fi tsada. Jimillar da ta fito ita ce gona za ta bayar, kuma ba a gaskata ta sai ta bayar damina uku a jere, ba tare da ko kwabo na albashi ya shiga ba. Gonaki da yawa na ma'aikata albashi ne ke noma su. Ran da albashin ya tsaya, ran nan ake gane ba gona ke ciyar da maigida ba, shi ke ciyar da ita. Tsofaffi kuma ba su taɓa sabon hatsi sai tsohon ya ƙare, dabarar da farin 1973 da na 1984 suka nuna ba camfi ba ce. Wanda ba shi da rumbun shekara guda a ajiye, ko shanun da za su maye gurbinsa, bai kai ga ajiye aiki ba tukuna.

Gona kanta ba ta da lamuni. Tsutsar nan mai cin masara ta shigo Nijeriya a 2016. A 2025 farashin hatsi ya faɗi ƙwarai alhali taki na ta hawa, har manoma da dama suka girbe masara mai kyau ba su mayar da kuɗinsu ba, masu ajiya a sito kuma suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Wanda ke da fanshon wata-wata, komai ƙanƙantarsa, ko shagon haya a Funtuwa, ko fadamar rake da tumatir irin ta Ɗanja, ya fi jure irin wannan shekara bisa ga wanda ya zuba garatutinsa duka a masara. Wannan ne ya sa ga mafi yawan ma'aikata jira har a cika shekara 50, ana gina gonar ana aiki, ya fi tsalle a shekara 40.

Akwai kuma abin da lissafin buhu ba ya kamawa. 'Yan bindiga sun hana noma a sassa na Faskari da Sabuwa da Ɗandume shekaru da dama, a Disamban 2020 suka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara, a Agustan 2025 kuma suka kashe masallata da asuba a Unguwar Mantau cikin ƙaramar hukumar Malumfashi. Tsohon ma'aikacin da ya koma ƙauye da mota da rufin kwano, kowa ya san an biya shi kuɗin sallama, kuma ba mutanen kirki kaɗai suka sani ba. Kuɗin fansa guda ɗaya na iya cinye gona da shanu da sito a mako guda. Shi ya sa gonar da ke kusa da titi da gari ta fi ta cikin daji daraja ko da ta fi ta ƙanƙanta, shi ya sa kuma wasu da suka yi shirin tsufa a ƙauyensu suka kama gida a cikin Malumfashi ko Funtuwa, suna fita gona da hantsi su komo kafin la'asar.