Sinadaran Kare Tsatsar Jiki da Yawan Madarar Shanun Tatsa

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa ƙarfe yakan yi tsatsa idan ya daɗe a iska, man shanu kuma yakan canja ɗanɗano idan an bar shi a buɗe. Iskar oksijin ce ke haddasa duka biyun. Irin wannan ɓarna takan auku a cikin jikin dabba, domin duk lokacin da jiki ya ƙona abinci don samun ƙarfi, yakan saki waɗansu ɓurɓushin sinadarai masu lalata ƙwayoyin halitta. Wannan maƙala za ta dubi sinadaran da ke kare wannan ɓarna, da kuma dangantakarsu da madarar saniya.

Lokacin Haɗari

Saniya ta fi shiga haɗari a makonni 3 kafin haihuwa da makonni 3 bayanta. A lokacin ne jikinta ke shirin samar da madara, alhali kuwa cin abincinta ya ragu. Bitamin E da ke cikin jininta yakan yi ƙasa, garkuwar jikinta ta yi rauni. Daga nan sai kumburin hantsa da maƙalewar mabiyiya su sami ƙofa. Matsalar ta fi tsanani ga shanun Turai irin Holstein, waɗanda ake tatsar lita 30 ko fiye a yini daga guda ɗaya.

Abin da Bincike Ya Nuna

Sinadarai biyu aka fi nazari a kansu, watau bitamin E, wanda aka gano a 1922, da seleniyam, wanda aka fahimci aikinsa na kare jiki a 1973. A 1984, K. L. Smith da abokan aikinsa a jihar Ohayo ta Amurka suka ba shanu masu ciki bitamin E, sai kumburin hantsa ya ragu da kashi 37 cikin 100. Waɗanda aka haɗa musu da seleniyam kuwa sun fi saurin warkewa.

Abin lura a nan shi ne, waɗannan sinadarai ba su ne ke zama madara ba. Lafiyar hantsa suke tsarewa, saniya mai lafiyayyar hantsa kuwa ita ke cika ƙwarya. Saboda haka amfaninsu ya fi bayyana inda akwai ƙarancinsu. Ɗanyar ciyawa tana ɗauke da bitamin E mai yawa, amma yakan ragu ƙwarai a busasshiyar ciyawa da aka daɗe da ajiyewa. Ke nan saniyar da ke kiwo da damina ba ta kai wadda ke dogaro da harawa da dusa a tsakiyar rani bukata ba.

Wuce kima kuma yana da nasa lahani. Seleniyam guba ne idan ya yi yawa, shi ya sa a 1987 hukumomin Amurka suka ƙayyade miligiram 0.3 a kowane kilo na abinci. Haka nan wani bincike da aka buga a 2010 daga ƙasar Holan ya nuna cewa bitamin E mai yawan gaske ya ƙara kumburin hantsa maimakon ya rage shi.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa waɗannan sinadarai rigakafi ne, ba su maye gurbin wadataccen abinci da ruwa da tsabtar wurin tatsa. Ya kamata makiyayi ya nemi shawarar likitan dabbobi kafin ya zuba kuɗinsa, domin asarar na iya zama ta kuɗi da ta saniya gaba ɗaya.