Gyaran Tsohuwar Mota Domin Tsere: Darasi Daga Peugeot 504

Duk wanda ya saba bin hanyar Birnin Kebbi zuwa Kalgo, ko wadda ta bi ta Ambursa ta nufi Gwandu, ba zai rasa ganin tsohuwar Peugeot 504 ba, wadda muke kira Fijo, ko dai tana tafe da lodin buhunan albasa da shinkafa, ko kuwa tana girke a ƙarƙashin dogon yaro an ɗora ta kan duwatsu, kaji suna ƙwai a cikinta. Samarinmu na Maruda da kewaye, waɗanda suke kallon wasan mota a waya, wasunsu sun fara duban irin waɗannan motoci da wani ido dabam. Suna ganin yadda matasan Kano da Kaduna da Abuja suke juya tsofaffin BMW har taya ta yi hayaƙi, sai su ce su ma in sun sami tsohuwar mota da ɗan kuɗi za su mai da ita ta tsere. Sha'awar ba laifi ba ce. Abin dubawa shi ne ta inda ake fara gyaran, domin galibi ta wutsiya ake kamo shi.

Jiharmu ba baƙuwa ba ce ga wannan harka. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, an haɗa shi da tseren motoci tun shekarun 1970. Da aka farfaɗo da bikin a watan Maris na 2020 bayan hutun kusan shekara goma, an sake tayar da ayarin motoci daga Abuja zuwa Argungu, a ƙarƙashin hukumar ƙera motoci ta ƙasa, NADDC. Shugabanta a lokacin shi ne Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato wanda ya yi karatun zanen gine-gine a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi kafin ya tafi Amurka, inda ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors. Ke nan in yaro ya ce yana son mota, kada iyaye su yi saurin cewa shashanci ne.

To amma bari mu koma kan 504 ɗin kanta, domin tarihinta shi ne malaminmu a yau. A 1968 aka fito da ita a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai. A 1975 masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motocin Peugeot, ta kuma ci gaba da fitar da 504 har bayan shekara ta 2000, alhali Turawa sun daina yin salun ɗinta tun 1983. Akwai wata irinta mai ƙofa biyu, 504 Coupé, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana, daga 1974 kuma aka sa mata inji mai silinda 6. Ita ce motar wasanni ta gidan, kuma ba a harhaɗa ta a Kaduna ba.

A waɗannan shekaru babu tseren da ake tsoro kamar na Safari a ƙasar Kenya. Ana yinsa lokacin bikin Ista, daidai saukar damina a can, a kan hanyoyin ƙasa da taɓo da gargada, tafiyar fiye da kilomita 5,000 cikin 'yan kwanaki. Motoci da yawa suke tashi, kaɗan suke kaiwa. A 1975 Ove Andersson ɗan ƙasar Suwidin ya ci wannan tsere da 504 salun mai ƙofa huɗu, siffarta ɗaya da wadda kawunka yake haya da ita zuwa Jega. A shekarar nan Hannu Mikkola ya ci na Maroko da irinta. A 1978 kuma Jean-Pierre Nicolas ɗan Faransa ya ci Safari da Coupé mai silinda 6, ya bar Porsche 911 ta Vic Preston ƙarami a matsayi na biyu, sa'an nan ya je ya ci na Kwaddebuwa a wannan shekara. Porsche ta fi ta gudu a miƙaƙƙiyar hanya, wannan ba gardama. Fijo ta ci ne don ba ta karye ba.

Abin da masu shirya irin waɗannan motoci suke yi shi ne su tuɓe mota tsirara, su bi duk mahaɗar bodi da walda, su ƙarfafa inda shokazoba take zama, su sa farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji don kada dutse ya fasa tukunyar baƙin mai. A nan ne mai tsohuwar mota zai fara, wato ya shiga rami da tocila da sukundireba ya tsokani ƙasan motar. Motar da ta shekara 30 tana ɗaukar kaya fiye da ƙarfinta, ko wadda ta taɓa yin haɗari aka miƙe ta da wuta aka shafe da foti da fenti, shasinta ya riga ya gaji. In sukundireba ta huda ƙarfen da ke riƙe da ƙafa, to a bar maganar tsere, wannan mota ta zama ta cire kayan gyara.

In shasi lafiya, sai birki. Nan zan ɗan daɗe, don nan ne rai yake. Birki ba ya yin komai illa mai da gudu ya zama zafi. A tafiya ta yau da kullum direba yana taka shi jefi-jefi, yana samun lokacin hucewa. A filin tsere kuwa ana taka shi da ƙarfi a kowace kwana, minti bayan minti, zafin yana taruwa yana ratsawa har cikin man birki. Man da aka rubuta DOT 3 a jikin gwangwaninsa, in sabo ne, ba ya tafasa sai ya kai digiri 205 a ma'aunin Salshiyas, DOT 4 kuma sai 230. Sai dai wannan mai yana shan laima daga iska. In ya tsufa ya sha ruwa, DOT 3 yana iya tafasa a digiri 140, DOT 4 a 155. Da zarar ya tafasa sai kumfa ta cika bututu, direba ya taka birki ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa kamar ya taka auduga, mota kuwa ba ta san ana yi ba. Mu a nan yawanci ba a canza man birki, ciko kawai ake yi, wani ma daga kwalbar da ta kwana wata shida a buɗe a kan teburin mai kaya. Ƙa'ida ita ce a zubar da shi duka a zuba sabo duk shekara biyu, mai shiga fili kuwa ya canza kafin kowane wasa, daga gwangwanin da shi ya fasa hatiminsa. Kada kuma a yaudaru da lamba: DOT 5 wani iri ne dabam, ba a gauraya shi da waɗancan. Tiyon roba da ke kai mai ga ƙafa shi ma yana tsufa, yana kumbura in ya ji matsi. A sauya su duka huɗu, da takalman birki, a kuma auna kaurin faifan. Wasu 504 faifai ne a ƙafafu huɗu, wasu ganga ce a baya, ita kuwa ganga ta fi saurin ɗaukar zafi da jinkirin sakinsa.

Ga wani lissafi da ya kamata kowane saurayi ya riƙe. In gudu ya ninka biyu, nisan da birki yake buƙata ninki huɗu yake yi. Motar da take tsayawa cikin taku 15 tana gudun kilomita 50, sai ta ci taku 60 in tana gudun 100, ban da tazarar da ta cinye kafin ƙafar direba ta kai ga birkin. Wanda ya ƙara wa inji ƙarfi bai taɓa birki ba, nisan nan ya ƙara wa kansa.

Taya kuma ita ce kaɗai take taɓa ƙasa, kowace ɗaya da faɗin da bai wuce tafin hannu ba sosai. A gefen duk tayar da aka yi daga shekara ta 2000 akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar Beljiyam tana iya zuwa da zanenta raɗau amma robarta ta bushe, ga zafin kwaltarmu a watan Afrilu. Wadda ta haura shekara shida ba ta fili ba ce. A auna iska da safe kafin a motsa, domin iska tana ƙaruwa in taya ta yi zafi, kuma kada a yarda da bugun ƙafa ko ƙwanƙwasar sifana a matsayin ma'auni. Bayan taya sai shokazoba da bushin da boljoyin da tayirod. Yanke sifirin da wuta don mota ta durƙusa ta yi kyau a hoto ɓarna ce, musamman ga 504 wadda doguwar tafiyar ƙafafunta ita ce sirrinta a kan gargada.

Sai maganar zafin inji. Injin 504 mai lita biyu da kafireto ƙarfinsa bai kai doki 100 ba, amma yana da juriya muddin bai tafasa ba. Kansa na sanholo ne, in ya sha zafi sai ya lanƙwashe ya ƙone gaskit. Ruwan rijiya da na burtsatse da muke ɗurawa a lagireto suna barin tsatsa da farin dutse a cikin ƙananan hanyoyinsa har su toshe. A cire lagireto a wanke, a sauya tiyo da fambel, a zuba ruwan sanyaya inji na kanti, a sayi sabon murfi, domin matsin da murfin yake riƙewa shi yake hana ruwa tafasa a digiri 100. Kanikawa da dama suna cire tamostat su jefar, wai ƙasarmu da zafi. Ni dai ban goyi bayan haka ba, don yana ɓoye ciwo ne kawai. Masu BMW ƙirar E36, wadda aka yi daga 1990 zuwa 2000, su ma su kula: wuyan lagiretonta da wasu sassan famfon ruwanta na roba ne, in sun tsufa sukan fashe ba sallama. Matatar iska kuma kada a cire ta don a ji ƙara. Ƙurar hunturu in ta shiga silinda aikin yashin goge tukunya take yi.

Za ka lura har yanzu ban ce a taɓa kafireto ko a huda salansa ba. Ƙara ba gudu ba ce. In an sa fulogi mai kyau, an daidaita wuta da bawul, an sa baƙin mai sabo, an kwashe kujerun baya da kafet da lasifikoki don rage nauyi, tsohuwar Fijo za ta ba sabon direba gudun da ya fi ƙarfin hannunsa. Kayan gyaranta kuwa ana samu a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, sai dai a je da bakanike mai ido, don jabu ya yi yawa.

Kafin a yi tunanin ƙarin doki akwai kuɗin da za a kashe wanda ba ya ƙara gudu ko kaɗan. Motar tsere ana yi mata keji na bututun ƙarfe a ciki, don in ta kife rufin kada ya danne mutum. Ba da bututun famfo ake yinsa ba, ba kuma mai waldar ƙofa da taga ne zai yi ba. Bututu ne na musamman marar ɗinki, kuma dole ƙafafunsa su zauna a kan farantin da aka liƙa wa shasi. Kejin banza ya fi rashinsa haɗari, don in ya karye ya zama mashi. Bel mai igiya huɗu ko shida yana tafiya ne tare da keji da kujerar tsere, domin yana ɗaure mutum a miƙe, in rufi ya sauko babu wurin sunkuyawa. Sa'an nan hular kwano mai inganci, da tukunyar kashe gobara a ɗaure inda hannu zai kai, da batir a ƙulle da ƙarfe. Wayoyin motar da ta shekara 30 sun sha ɗauri da leda, a bi su ɗaya bayan ɗaya, haka ma tiyon fetur.

Saura wurin da za a tuƙa. Dokar hanya ta Nijeriya ta kayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi, kuma hukumar kiyaye haɗurra da aka kafa a 1988 ita take da hurumin tsare wannan. Hanyar Kalgo ta masu babur ce da amalanken shanu da yara masu tallar gyaɗa. Wasan mota a ƙofar gidan biki, jama'a sun yi zobe babu shinge, motar da ba a san ranar da aka canza mata man birki ba tana juyi a tsakiyarsu, wannan caca ce da ran mutanen da ba su ce a yi da su ba. Abin da ya raba tsere da ganganci shi ne rufaffen fili, da izinin hukuma da na masu ƙasa, da tazara mai nisa tsakanin mota da 'yan kallo, da motar asibiti a tsaye kafin a tayar da inji.

Fili kuwa ba mu rasa shi ba. Bayan an kwashe amfanin gona akwai faƙo da yawa a ƙasar Gwandu. Matasan da suke da niyya za su iya haɗa ƙungiya, su nemi hakimi da 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra, a shata wuri, a jera tsofaffin tayoyi a matsayin kwana, mota ɗaya ta shiga a lokaci guda ana duba agogo. A irin wannan wasa ba a wuce giya ta biyu, ba a kuma gogayya ƙofa da ƙofa. Bayan kowane zagaye biyar a yi ɗaya a hankali don birki ya huce, kada a ja birkin hannu a kan ƙarfe mai zafi in an tsaya, a sake ɗaure notocin ƙafa, a leƙa ƙarƙashi a ga ko wani abu yana ɗiga.