Shin Ko Kun San? Sandunan Golf Ga Mace Mai Ƙaramin Jiki

Mata da dama kan fara wasan golf da sandunan aro, na miji ko na yaya. Ƙwallo ta yi ta bin inda ta ga dama, har su fid da rai su ce wasan ba nasu ba ne, alhali sandar ce ta fi ƙarfin jikinsu. Ga abubuwan da ya kamata a sani kafin a taɓa aljihu.

Shin ko kun san doka ba ta yarda ɗan wasa ya ɗauki sanda fiye da 14 ba? Hukumar golf ta Amurka ce ta kafa wannan iyaka a 1938, ta St Andrews a Sikotland ta bi sahu a 1939. Amma ba a wajabta wa kowa cika 14 ɗin ba. Shida ko bakwai sun ishi mai koyo: ta dogon zango, ruwa-biyu guda (wadda ta haɗa siffar ta dogon zango da ta ƙarfe), na ƙarfe masu lamba 7 da 9, ta fitar da ƙwallo daga yashi, sai ta tura ƙwallo cikin rami.

Shin ko kun san sandunan mata ma suna iya yi wa mace tsawo? Na maza kan fi su da kamar inci guda, amma an auna na matan ne da mace matsakaiciya. Wadda ba ta kai santimita 160 ba, akwai nata na musamman da aka ƙara rage wa kamar inci guda. Kamfanoni irin su Wilson da Tour Edge suna yin su a jaka guda, da tambarin Petite a jikin kwali, kuma sun fi sayen ɗai-ɗai araha.

Shin ko kun san tsayi kaɗai ba ya yanke hukunci? Masu daidaita sanda kan tsayar da mace a miƙe, hannuwa a sake, su auna daga wuyan hannu zuwa ƙasa. Mata biyu masu tsayi ɗaya na iya buƙatar sanda daban idan hannun ɗaya ya fi tsawo.

Shin ko kun san sandar da ta yi tsawo tana karkatar da ƙwallo? Gaban kanta kan ɗaga sama, dunduniyarta ta riga taɓa ƙasa, sai ƙwallon mai bugu da dama ta zarce hagu. Mai koyo ta shiga gyara tsayuwarta don ta bi sandar, ta saba da bugun da zai yi wuyar gyaruwa daga baya.

Shin ko kun san harafin da ke jikin ƙotar sanda yana nuna taurinta? L ce mafi laushi, sai A, R, S, har zuwa X mafi tauri. Mai bugu a hankali L ce tata, domin lanƙwasar ƙota na taimakawa wajen ɗaga ƙwallo. Ƙotar girafait kuma ta fi ta ƙarfe rashin nauyi, abin da kafaɗa za ta gane a filin ramuka 18.

Shin ko kun san kwanciyar fuskar sanda ce ke tashin ƙwallo sama? Sandar dogon zango ta maza kan kwanta digiri 9 zuwa 10 da rabi. Mace mai koyo ta nemi mai digiri 12 zuwa 15. Na ƙarfe masu lamba 3 da 4 kuwa, ko gwanaye suna shan wuya da su, shi ya sa ruwa-biyu ta maye gurbinsu a yawancin jakunkuna.

Shin ko kun san akwai sanda mai yafe kuskure? Ita ce mai kwarmi a bayan kai, wadda aka baza nauyinta gefe-gefe, ta yadda ko ba a sami ƙwallo a tsakiya ba za ta yi nisa. Karsten Solheim, wanda ya kafa kamfanin Ping, shi ya yaɗa wannan ƙira. Sunansa ne a kan Kofin Solheim, gasar da matan Turai da na Amurka ke karawa tun 1990.

Shin ko kun san yanke doguwar sanda yana canja halinta? Ƙota kan ƙara tauri, kan sandar kuma a ji kamar ya rage nauyi. Kafin a kai ta wurin gwani, a gwada riƙe ta ƙasa da inci guda. A duba mariƙin ma, domin ƙaramin hannu siririn mariƙi yake so.

Shin ko kun san gwanjo ba abin kunya ba ne a wannan wasa? Kan sanda na ƙarfe yakan yi shekaru bai lalace ba. A duba zane-zanen fuskarsa ba su shafe ba, ƙota ba ta tsage ko ta tanƙware ba. Mariƙin da ya sule ana sauya shi da kuɗi kaɗan. Amma sabuwar sanda mai babban suna a farashin banza, a yi hattara, jabu ta yi yawa.

Shin ko kun san gajarta ba ta hana cin kofi? Ji-yai Shin ta Koriya ta Kudu da Ai Miyazato ta Japan duk ba su kai santimita 160 ba, kuma kowacce ta zama ta ɗaya a duniya a 2010. Ayaka Furue, wadda ita ma ba ta kai hakan ba, ta lashe babbar gasar Evian a Faransa a 2024.

Akwai filayen golf a Kano, Kaduna, Jos da Abuja. 'Yar'uwa, ki je ki sami mai koyarwa, ki buga da sanduna masu tsawo daban-daban, a auna ki, sannan ki saya. Sanda bakwai da suka dace da jikinki za su kai ki inda jaka cike da masu tsada ba za ta kai ki ba.