Shatima: daga sarauta zuwa sunan takarda a ƙasar Damagaram

1. Gabatarwa

Duk wanda ya duba rajistar 'yan makaranta ko jerin masu zaɓe a ƙasar Damagaram, daga birnin Zinder har Gafati cikin gundumar Mirya, zai ci karo da sunan Chétima a gurbin da Faransanci ya keɓe wa sunan dangi. Manufar wannan ƙasida ita ce nuna cewa sunan ba na dangi ɗaya ba ne, kuma mai nazarin da ya ɗauke shi haka zai ƙulla zumuncin da babu shi.

2. Asali da ma'ana

Kalmar daga Barno ta zo. A can sarauta ce da ake naɗa wa manyan malamai, don girmama iliminsu da kusancinsu da fada. Ɗafa-ƙeyar -ma da ke ƙarshenta sananniya ce a Barbarci, tana nuna mai abu ko mai riƙe da muƙami, kamar yadda ake gani a Galadima da Ciroma da Kaigama.

Hanyar shigowarta Damagaram ba ɓoyayya ba ce. An kafa masarautar a ƙarni na 18 ƙarƙashin inuwar Barno, kuma sarakunanta sun daɗe suna kai gaisuwa can. Ko da Tanimun ɗan Sulaiman, wanda ya rasu a 1884, ya ƙarfafa Damagaram har ta tsaya da ƙafafunta, sunayen sarautun fada ba su canza ba. Harshen kasuwa ya zama Hausa, amma rawunan suka riƙe sunayensu na Barbarci.

3. Matakan sauyi

Ana iya rarrabe matakai uku.

Na farko, sarautar takan danne sunan yanka. Wanda aka naɗa, ba a ƙara kiransa da sunansa, sai dai Shatima.

Na biyu, alkunya. Idan aka mayar wa jika sunan kakansa, iyaye ba sa iya faɗin sunan, sai su kira yaron da sarautar marigayin. Ta nan ne ake samun Shatiman da bai taɓa ɗaura rawani ba.

Na uku, takarda. Bayan Faransawa sun ci Damagaram a 1899, ofisoshinsu suka riƙa neman suna biyu ga kowane mutum, jama'a kuwa suka ba da abin da suka saba: sunan mutum da na ubansa. A misali, Abdu ɗan Shatima ya zama Abdou Chétima. Shi kuma ɗansa Musa sai a rubuta shi Moussa Abdou. Ke nan sunan yakan ɓace bayan tsatso ɗaya, sai fa a gidajen da suka ɗaure shi da gangan, galibi na ma'aikata da masu zaman waje.

4. Yaɗuwa da rubutu

Sunan ya fi yawa inda tasirin Barno ya fi ƙarfi: Diffa da Gure da Damagaram a Nijar, jihohin Barno da Yobe a Najeriya. Yana raguwa idan aka nausa yamma. Iyaka ta raba rubutunsa: Chétima a Nijar, Shettima a Najeriya, Shatima a rubutun Hausa.

Mutum biyu sun isa misali. Kashim Ibrahim, gwamnan Jihar Arewa daga 1962 zuwa 1966, an san shi da Shettima Kashim saboda sarautar da aka naɗa masa. Kashim Shettima kuwa, wanda ya yi gwamnan Barno daga 2011 zuwa 2019 kuma ya zama mataimakin shugaban ƙasa a 2023, sunan ya koma bayan nasa. A na farko muƙami ne, a na biyu ya zauna gurbin sunan gida.

5. Kammalawa

Wannan bambanci ba na masana harshe kaɗai ba ne. A shari'ar gado ko ta gona, haɗuwar suna a takarda ba hujjar jini ba ce, rabuwarsa kuma ba ta kore zumunci. Saboda haka ɗalibin da zai yi aikin fili a Gafati, kada ya tsaya ga rajista. Ya tambayi dattawa abu uku: wa aka fara kira Shatima a gidan, naɗa shi aka yi ko suna ya ci, kuma wace fada ce ta naɗa shi.